Cutar shuɗin harshe: yadda ɗan mitsitsin ƙwaro ya girgiza kiwon tumaki da shanu a Turai

A farkon watan Satumba na 2023, wasu masu kiwon tumaki a ƙasar Holan, a yankin tafkunan da ke tsakanin biranen Amsterdam da Utrecht, suka wayi gari da abin da ya tayar musu da hankali. Tunkiyar da jiya take kiwo lafiya lau, yau ta ware daga garke ta tsaya gefe, kai a sunkuye, yawu na dalala har ƙasa. Leɓɓanta da fuskarta sun kumbura, majina ta bushe ta toshe hanci. In aka buɗe bakin, dasashi ya yi ja wur, ga gyambo a gefen harshe. A kai mata ciyawa, ta sunsuna ta kau da kai, yunwa na cin ta amma bakin ba ya tauno. A kora ta, ta yi taku biyu ta durƙusa a kan gwiwoyinta, domin daidai inda gashi ya haɗu da kofato wani jan zobe ya fito, da zafi rau.

Cikin 'yan kwanaki ɗakin binciken cututtukan dabbobi da ke birnin Lelystad na Holan ya tabbatar da abin da likitoci ke tsoro. Cutar shuɗin harshe ce, kuma nau'i na 3, wanda arewacin Turai bai taɓa gani ba, babu kuma allurar rigakafinsa a kasuwarsu. Kafin shekarar ta ƙare, tumakin da suka mutu a Holan sun zarce abin da aka saba gani a irin wannan lokaci da fiye da 50,000. A watan Oktoba cutar ta ɓulla a Beljiyam da Jamus. A Nuwamba aka same ta a jinin wata saniya a yankin Kent na Ingila, duk da tekun da ke tsakani.

Sunan cutar kansa yana ruɗar mutane. Wanda ya tsaya jiran sai ya ga harshe ya yi shuɗi kafin ya yarda, to zai yi ta binne tumaki bai gani ba, domin kaɗan ne daga cikin masu kamuwa harshensu ke rinewa. Abin da ƙwayar bairos ɗin ke yi shi ne cinye shimfiɗar cikin ƙananan jijiyoyin jini. Da zarar sun lalace sai su fara yoyo, ruwa ya fita ya taru a fuska da leɓe da ƙarƙashin haɓa, jini ya tsattsafo a baki da saman kofato. Idan abin ya yi tsanani huhu ya cika da ruwa, numfashi ya gagara, a nan ne harshe kan kumbura ya fito waje ya yi shuɗi-shuɗi. Da yawa ba sa kaiwa nan. Yunwa da ƙishirwa da ciwon huhu ne ke ƙarasa su. Wadda ta tsira kuwa takan yi watanni a rame, gashinta na zuba, rago kuma kan yi makonni ba ya iya ba da ciki.

Cutar dai ba ta kama mutum. Nama da madara ba su ɗauke da haɗarinta ga mai ci ko mai sha. Matsalar ta dabba ce da aljihun mai ita.

Abin da ya bambanta ta da yawancin cututtukan da makiyayi ya sani shi ne, tunkiya ba ta shafa wa tunkiya. Su ci a kwano ɗaya, su sha a kwami ɗaya, su kwana jiki na gugar jiki, ba ta nan cutar ke bi ba. Galibi sai an samu ɗan aike, wato wani ƙwaro mai cizo da masana ke kira Kulikoyidis. Tsawonsa milimita 1 zuwa 3 ne, bai kai rabin sauro ba, har yana iya ratsa ramukan gidan sauro ya wuce abinsa. Macen ce ke shan jini don ta yi ƙwai, kuma ta fi fitowa da almuru da kuma asuba, lokacin da iska ta kwanta. Tana hayayyafa a damshi: taɓo a bakin rafi, ƙasa mai laima da ta gauraya da kashin dabbobi, ruɓaɓɓen ganye. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Na taɓa kwana a wata ruga a gefen fadama a ƙarshen damina, kuma abin da na gani da magariba bai fita raina ba. Yara suka tara ɗanyen ganye da busasshen kashin shanu suka hura wuta, ba don ɗumi ba, don hayaƙi. Shanun da kansu suka matso suka kewaye hayaƙin, suna kaɗa jela suna buga ƙafa, fatar wuyansu na karkarwa. Ni ban ga komai a iska ba, sai dai ƙaiƙayi da ya dame ni a wuya da idon sawu. Dattijon rugar ya ce mini, "Malam, waɗanda ba ka gani ɗin nan sun fi sauro mugunta." Bai san sunan Kulikoyidis ba, amma ya san lokacin fitowarsu da inda suke kwana fiye da yawancin masu karatu.

Sai dai ƙwaron shi kaɗai bai isa ba. Idan ya sha jinin dabba mai ɗauke da cutar, ba nan take yake iya harba wa wata ba. Dole bairos ɗin ya hayayyafa a cikinsa, ya ratsa hanjinsa, ya isa wurin da yawunsa ke fitowa. Wannan tafiya kuwa zafi ne ke tuƙa ta. Idan yanayi ya yi ƙasa da kimanin digiri 12 a ma'aunin Salshiyas, sai ta tsaya cik. A wajen digiri 15 tana cin kusan mako uku, kuma ƙwari da yawa kan mutu kafin lokacin. A wajen digiri 30 kuwa 'yan kwanaki sun isa. Daga ranar da ta kammala, ƙwaron ya zama maharbi har ƙarshen rayuwarsa, kuma cizo ɗaya tak na iya kwantar da tunkiya. Shi ya sa ɗan ƙarin ɗumi da mutum ba zai ma lura da shi ba yake iya ninka yawan masu kamuwa.

Bayan ƙwaro da zafi, ta ukunsu ita ce saniya, kuma a ganina a nan ne mafi yawan mutane ke kuskuren fahimtar lamarin. Ana kallon cutar a matsayin ta tumaki saboda su ke faɗuwa. Amma ƙwaron ya fi son saniya, don ta fi girma, ta fi fitar da numfashi da warin da ke jawo shi. Sau da yawa saniya kan kamu ba ta nuna komai ba, tana ci tana sha, alhali bairos ɗin ya maƙale a jikin jajayen ƙwayoyin jininta inda garkuwar jiki ba ta saurin cim masa. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya mai hedikwata a Paris tana lissafa kwana 60 a matsayin tsawon lokacin da dabba ke iya zama mai ba ƙwaro cutar. Wata biyu ke nan saniya na tsaye a matsayin rumbu, duk ƙwaron da ya zo ya ɗiba ya kai gaba. A loda ta a mota a kai wata ƙasa, an kai rumbun gaba ɗaya. Ita ke ajiya, tunkiyar da ke kiwo kusa da ita ke biyan bashi.

Cutar ba baƙuwa ba ce a wannan nahiya tamu, nan ne ma gidanta. Ta daɗe tana zagayawa tsakanin namun daji da dabbobin gida a Afirka ba tare da an lura ba, sai da Turawa suka kawo tumakin merino masu yawan gashi zuwa Afirka ta Kudu daga ƙarshen ƙarni na 18. Baƙin tumakin suka riƙa zubewa, na gida suna tsaye. Manoman can suka lura cewa abin ya fi tsanani a kwari da fadamu bayan ruwa ya sauka sosai, kuma yana ɗaukewa da zarar sanyi mai ƙarfi ya shigo, don haka suka riƙa hawa da garkunansu kan tudu. Su ne suka raɗa mata suna da yarensu na Afirkans, mai ma'anar shuɗin harshe, sunan da ya bi ta har yau. James Spreull ya rubuta cikakken bayaninta a 1905. Arnold Theiler, wanda ya kafa cibiyar bincike ta Onderstepoort kusa da Pretoria, shi ya haɗa allurar rigakafi ta farko jim kaɗan bayan haka. Amma sai a 1944 ne wani masani mai suna du Toit ya nuna cewa wannan ɗan ƙwaron ne ke ɗaukar ta.

Allurar Theiler ta yi aiki shekaru da dama, sai dai a kai a kai akan samu garken da aka yi wa allura kuma ya kamu. Binciken dalilin haka ne ya tono babban ƙullin wannan cuta: ba iri ɗaya ba ce. Akwai nau'i 24 da aka daɗe da sani, an kuma gano wasu daga baya. Garkuwar da dabba ta samu daga nau'i ɗaya ba ta cika kare ta daga wani ba. Ƙari a kan haka, ƙwayar halittar bairos ɗin gida goma ce, kuma idan nau'i biyu suka haɗu a jikin saniya ɗaya ko ƙwaro ɗaya, suna iya musayar waɗannan gidaje a haifi wani sabon gauraye mai halin da ba a san shi da shi ba. Don haka a Afirka ta Kudu allurar Onderstepoort kwalba uku ce, kowace da nau'i biyar a ciki.

Shekaru da yawa Turawa suna kallon cutar a matsayin ta ƙasashe masu zafi. Littattafansu sun shata mata iyaka a wajen layin digiri 40 na arewa, wato daidai kudancin Turai. Takan leƙo lokaci-lokaci, kamar a tsibirin Saifurus a 1943, da Fotugal da Sifaniya daga 1956 zuwa 1960 inda ta kashe tumaki kusan 180,000, sannan ta ja da baya. Daga 1998 abin ya sauya. Ta shiga tsibiran Girka, ta bazu zuwa Italiya da Sifaniya da tsibirin Kosika na Faransa, ta yi mummunar ɓarna a Sardiniya, kuma ba ta sake fita ba.

Duk da haka babu wanda ya shirya wa abin da ya faru a watan Agusta na 2006. Bayan wani watan Yuli mai zafin da Holan ba ta taɓa rubuta irinsa ba, nau'i na 8 ya ɓulla a kusa da Maastricht, inda iyakokin Holan da Beljiyam da Jamus suka haɗu, ɗaruruwan kilomita arewa da iyakar da aka shata. Abu biyu suka girgiza masana. Na farko, irin ƙwaron da aka sani da ɗaukar cutar a Afirka da bakin Bahar Rum ba ya rayuwa a can sam. Ashe danginsa na gida, waɗanda ke ƙyanƙyasa a kashin shanu da bayan garkunan Turai tun fil azal, sun iya aikin sarai, dama ce kawai ba su samu ba. Na biyu, wannan nau'in bai bar shanu ba. Hancinsu ya yi ɓawo, idanu suka yi ja, kan nono ya tsattsage, madara ta ragu. Ya kuma iya ratsa mahaifa, aka riƙa samun ɓari, ko a haifi maraƙi da ruwa ya maye gurbin mafi yawan ƙwaƙwalwarsa, ba ya gani, ba ya iya kama nono, sai zagaye yake yi a wuri ɗaya.

A nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye. Da masanan cibiyar Pirbright ta Ingila suka kwatanta ƙwayar halittar wannan nau'i na 8 da waɗanda ke ajiye a ɗakunan bincike, sai suka ga ya yi kusa ƙwarai da wani da aka samo a Najeriya a 1982. Wannan bai nuna cewa daga Najeriya ya taso kai tsaye ba, amma ya nuna asalinsa na kudu da Sahara ne. Hanyar da ya bi ya tsallake hamada da teku da kudancin Turai gaba ɗaya ya sauka a Maastricht, masana na ta muhawara a kai har yau.

An yi fatan hunturu zai kashe ta, tunda sanyi na kashe ƙwarin. Bai kashe ta ba. A 2007 ta dawo da ƙarfin da ya ninka na bara, ta mamaye dubban gonaki, kuma a watan Satumba ta isa yankin Suffolk na Ingila, inda aka danganta zuwanta da iskar da ta kwaso ƙwari daga gaɓar Turai. Ƙwaron da da fikafikansa ba ya wuce 'yan kilomita, iska mai ɗumi na iya ɗaukarsa ɗaruruwan kilomita a saman teku cikin dare ɗaya, shi ya sa hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya ke cikin masu sa ido kan wannan cuta. Yadda bairos ɗin ke ƙetare hunturu kuwa, ana danganta shi da ƙwarin da ke laɓewa cikin ɗumin ɗakunan shanu, da kuma 'yan maruƙan da suka kamu tun suna ciki aka haife su da shi.

Abin da ya kawo ƙarshen wancan zagaye allura ce. A 2008 aka samu allurar da aka yi da mataccen bairos, ƙasashe suka yi wa miliyoyin dabbobi, wasu ma suka mai da ita dole. Cikin 'yan shekaru aka daina ganin cutar a arewacin Turai, har Birtaniya ta samu shaidar kuɓuta a 2011. Sai ga shi a 2015 nau'i na 8 ya sake ɓulla a tsakiyar Faransa. Da aka bincika sai aka ga kusan bai sauya ba daga yadda yake shekaru bakwai baya, alhali bairos mai yawo tsakanin dabbobi kullum cikin sauyawa yake. Kamar dai an tsayar masa da agogo. Bayanin da wasu masana suka fi karkata gare shi shi ne ya kwanta ne a cikin daskararren maniyyin bijimi da aka ajiye don yi wa shanu baye, aka zo aka yi amfani da shi daga baya. Duk mai shigo da irin wannan kaya don inganta shanunsa ya kamata ya riƙe wannan.

Da nau'i na 3 ya zo a 2023, duk allurar nau'i na 8 da ke ajiye ba ta da amfani. Sai a bazarar 2024 aka ba wasu allurai uku izinin gaggawa. Sun rage mace-mace da tsananin ciwo, amma ba su hana dabba kamuwa ɗungurum ba, kuma a wannan shekarar nau'in ya kai Faransa da Denmak, ya haura har Nowe da Suwidin. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a Oktoban 2024 aka gano nau'i na 12 a Holan. Ingila ta yi ta faɗaɗa yankin da aka taƙaita zirga-zirgar dabbobi gunduma bayan gunduma, daga ƙarshe a ranar 1 ga Yuli 2025 ta sa ƙasar gaba ɗaya a ciki. Ni dai ina ganin wannan amincewa ce da gaskiya. Shinge da takardar izini na iya tsare motar shanu, kuma yana da kyau a tsare ta, amma ba sa tsare iska. Yanka garke gaba ɗaya, wanda ke aiki a kan cututtukan da ake shafa wa juna, a nan hasara ce kawai, tunda maharbin na shawagi a waje.

To mu fa? Tun shekarun 1970 masu bincike a Ibadan suka samu bairos ɗin a jikin waɗannan ƙwari, kuma gwaje-gwajen jini da aka yi ta yi daga baya sun nuna shanu da tumaki da awaki da yawa a Najeriya sun taɓa haɗuwa da shi. Dalilin da ya sa ba ma ganin irin zubewar da Holan ta gani shi ne tumakinmu irin Uda da Balami da 'Yankasa sun tashi cikinsa kaka da kakanni. Ɗan rago na shan garkuwa a dakashin uwarsa, ƙwaro ya cije shi tun wannan garkuwar ba ta gama saki ba, ya yi ɗan zazzaɓi ya warke, ya samu tasa. Wannan zaman lafiya ne na wanda ya saba, kuma bai shafi baƙo ba. Mai kuɗin da ya sayo shanun madara 'yan asalin Turai, ko ragunan waje masu tsada don inganta iri, ya sauke su a gona gefen fadama a ƙarshen damina lokacin da ƙwarin suka fi yawa, ya maimaita abin da ya faru da merino ne shekaru fiye da 200 da suka wuce. Kuma ina da yaƙinin cewa ko a dabbobinmu na gida akwai ɓari da rama da ƙarancin nono da wannan cuta ke da hannu a ciki, muna ɗora wa rashin abinci ko tsautsayi, don ba kasafai ake ɗibar jini a gwada ba.

Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne kamanninta da wasu cututtukan da muka fi sani. Makiyayi ya ga yawu da ɗingishi, nan take zai ce boru ne. Amma boru ya fi bayyana a shanu, yana fitar da ƙuraje masu ruwa da ke fashewa, kuma yana bin garke ta cuɗanya kamar wutar daji. Annobar tumaki da awaki da ake kira PPR kuwa ta fi kayar da awaki, da zawo da tari. Idan tumaki ne ke kwanciya ɗaya nan ɗaya can, fuska a kumbure, awakin da ke tare da su na tsaye ƙalau, kuma lokacin ƙarshen damina ne ko farkon kaka, ya kamata a kawo shuɗin harshe a rai. Gwajin jini ne kaɗai ke raba gardama, shi ya sa ya dace a sanar da likitan dabbobi don samfur ya isa inda ake iya dubawa, irin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, ko babban ɗakin binciken dabbobi na LABOCEL a Yamai.

Babu maganin da ke kashe bairos ɗin a jikin dabba. Kafson da ake saya a kasuwa a fasa a zuba wa tunkiya a baki bai taɓa shi ba, iyakarsa in likita ya ga dama ya ba da irinsa don tare wasu ƙwayoyin cuta da ke shigowa ta gyambon. Abin da ke ceton tunkiya jinya ce. A kai ta inuwa, domin rana na ƙara mata ƙunar fata. A ajiye ruwa daf da bakinta tunda ba ta iya takawa zuwa gare shi. A ajiye busasshiyar harawa gefe, a ba ta jiƙaƙƙiyar dussa da ɗanyen ganye mai laushi, likita kuma ya yi mata allurar rage zafi da kumburi don ta samu ta ci. Sauran garken a ɗaga su daga bakin fadama zuwa tudu mai iska, a nisanta turkensu da inda shanu ke kwana, a kwashe jiƙaƙƙen taki daga kusa da su. Kuma a kiyayi ɗura. Tunkiyar da maƙogwaronta ya kumbura ba ta haɗiya daidai, in aka ɗaga kanta aka tuttula mata ruwa ko kunu da kwalba, rabinsa huhu yake tafiya.